Mai Haƙar Rijiya a Dandalin Tsamiya Biyu

Ranar da suka kewaye dandalin da kwanon rufi
na tsaya da butata ina leƙe ta kafa.
Nan Sallau wanzami ya aske rabin unguwa,
nan Gwaggo Yalwa ta shekara talatin tana suyar ƙosai.
Yau ga katafila tana kwasar wurin
kamar mai kwashe tuwo.

Injiniya Suwaiba, 'yar Barau majemi,
wadda da ruwan rijiyata aka yi mata wankan farko,
ta shimfiɗa takarda a kan mota.
Ta ce, "Baba, sama lambu ne:
ciyawa, dabino, lalle, kujeru a inuwa.
Ƙasa kuwa shaguna, banɗaki, wurin alwala,
da inda motoci za su kwanta su ba mu hanya."

Na ce, "'Yata, a saninmu
abu biyu ke kai mutum ƙarƙashin ƙasa:
neman ruwa, da tafiyar da ba a dawowa."
Ta yi dariya, ta naɗe takardarta.

Aka ba ni gadi. Fitila, sanda, benci.
Da dare nakan sauka in karanta bangon ramin.
Layin farko leda ce, zamanin jikokina.
Ƙasa da ita toka da tsingaro,
sai baƙin katsi, shaidar an taɓa rini a nan.
Na tsinci wuri uku da anini mai huda.
Sai jar marmara, tsohuwar abokiyar faɗana,
wadda ta ci mini diga bakwai.

Amma a kusurwar gabas ƙasar ta yi laushi.
Na shinshina, na ɗora a harshe, na gane ta:
kududdufin da aka cike da shara ina yaro.
Shi kuwa kududdufi ba ya mutuwa,
barci yake yi.

Na faɗa wa ɗan kwangila.
Ya ce taswira ba ta nuna ba.
Mai gadi ba ya jayayya da taswira.

Sai malka ta sauka, kwana biyu ba ɗaukewa.
Da asuba ramin ya koma tafki,
kwaɗi na ta guɗa,
buhunan siminti sun zama duwatsu.
Suwaiba ta zo, laka har gwiwa,
ta zauna a bencina ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta ce, "Baba, ta ina yake bi?"

Na ɗauki kara na zana mata a taɓo:
daga bayan masallaci, ƙarƙashin tsamiya ta biyu,
ya karkata ya nufi Jakara.
Ta soke shaguna goma da biro ɗaya.
Ta ce, "To, mu gina masa ɗaki.
Ya zauna da damina, ya shayar da lambu da rani."

An buɗe wurin bara.
Tsamiya ɗaya ta tsira, ɗayar sai suna.
Jikan Sallau na aski a ƙasa da injin lantarki.
Kuɗin haya ya fi ƙarfin Gwaggo Yalwa,
kaskonta na bakin titi,
hayaƙinta dai na tsallaka shinge ya shiga lambu
ba tare da izinin kowa ba.

Ni kuma, shekara arba'in ina shiga ƙasa da igiya a ƙugu,
yatsun ƙafa na laluben matakala a duhu,
jiya na sauka a tsaye, hannuna a kan ƙarfe,
fitilu a sama, sanyi kamar cikin randa.
Ba wanda ya riƙe mini igiya.

Na manna kunne a bangon gabas.
Bisa kaina yara na gudu a kan ciyawa.
Bayan simintin kuwa yana nan,
yana juyi a hankali,
kamar tsoho a sabuwar katifa.